Tambaya da Amsa: Dokokin Karatun Digiri na Biyu a Fannin Shari'a

Tun da jami'o'i suka fara sayar da fom ɗin karatun gaba da digiri, yawancin wasiƙun da ke shigo wa wannan fili sun karkata ne kan LL.M, wato digiri na biyu a fannin shari'a. Mun tsamo guda bakwai. Kafin mu shiga, a riƙe wannan: Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, mafi ƙarancin ma'auni kawai take shimfiɗawa, kowace jami'a kuma ta ɗora nata a cikin littafin dokokin makarantarta ta gaba da digiri. Duk inda muka ce "yawanci", to a buɗe wannan littafi a ga abin da ya ce, domin da shi za a yi wa ɗalibi hukunci.

Assalamu alaikum. Na gama LL.B, digirin farko na shari'a, da sakamakon 2:2, amma ban samu shiga Makarantar Horas da Lauyoyi ba tukuna. Zan iya fara LL.M kafin nan? Kuma zai tsaya mini a madadinta? Daga wani matashi a Gusau.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba zai tsaya maka ba ko kaɗan. Hanyar zama lauya a Najeriya ɗaya ce: ka bi ta Makarantar Horas da Lauyoyi, ko a hedikwatarta da ke Bwari ko a rassanta irin na Bagauda da Yola da Legas, ka ci jarrabawar ƙarshe, a rantsar da kai, a shigar da sunanka a rajistar Kotun Ƙoli. Ko digirin digirgir gare ka, in ba ka bi nan ba, ba za ka sa baƙar riga ka tsaya wa wani a kotu ba. LL.M digirin ilimi ne da bincike.

Sakamakonka na 2:2 ya isa a yawancin jami'o'i, shi ne ma ƙasan abin da ake karɓa. Wasu suna neman takardar BL, wato shaidar kammala Makarantar Horas da Lauyoyi, wasu ba su damu da ita ba. Abin da zai fi tare ka shi ne takardar bautar ƙasa, ko ta kammalawa ko ta yafewa, wadda kusan kowace jami'a ke nema ranar tantancewa. Sannan ba a yarda mutum ya yi rajistar cikakken karatu biyu a lokaci guda ba, don haka in gurbin Makarantar Lauyoyi ya fito kana tsakiyar zango, dole ka ajiye ɗaya. Shawararmu ka fara da Makarantar Lauyoyi, LL.M ba zai gudu ba.

Abu biyu da za ka iya yi tun yanzu. Na farko, takardar cikakken sakamakonka, wadda ake kira taranskirif, daga jami'a zuwa jami'a take tafiya, ba a hannunka ba, kuma takan ɗauki watanni. Gurbin da ake bayarwa kafin ta iso na wucin gadi ne, ana iya janye shi. Na biyu, jera takardunka a tabarma ka duba sunanka harafi-harafi. Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a digiri, Muh'd a ta bautar ƙasa: wannan kaɗai ya isa a dawo da kai daga teburin tantancewa sai ka kawo takardar rantsuwa daga kotu.

Malamai, mene ne bambancin LL.M da digiri na biyu na ƙwarewa da ake yi a ƙarshen mako? Daga wata ma'aikaciyar banki a Kano.

Hajiya, LL.M na masu LL.B ne, yana da kundin bincike da ake kira mai jarrabawa daga wata jami'a ya duba, kuma shi ne tsanin hawa digiri na uku da aikin koyarwa. Na ƙwarewa, irin MBCL na dokokin kasuwanci da Jami'ar Bayero ke yi, an tsara shi ne don masu aiki, kuma yawanci ba a karɓar irinsa kai tsaye a shiga digiri na uku. In ƙarin girma a ofis kike nema, ya wadatar. In kina hangen aji da allo, kada ki biya kuɗin fom sai kin ga amsar wannan tambaya a rubuce.

Na ci duk kwasa-kwasaina ban da guda ɗaya da na samu 47. An ce mini na faɗi, alhali a digirin farko 47 ci ne. Kuma ina son wucewa digiri na uku. Yaya lissafin yake? Daga wani lauya a Kaduna.

Barista, ba a zalunce ka ba. A karatun gaba da digiri makin ci 50 ne. Daga 70 zuwa sama A ce mai maki 5, daga 60 zuwa 69 B ce mai maki 4, daga 50 zuwa 59 C ce mai maki 3. Abin da ya gaza 50 faɗuwa ne, sai ka sake kwas ɗin. D da E ɗin da ka saba da su a digirin farko ba su tsallakar da kowa a nan.

Ga lissafin a fili. A ce ka ɗauki kwas huɗu a zango, kowanne yunit 3 (yunit shi ne nauyin kwas a lissafi), jimla yunit 12. Ana ninka makin harafi da yunit. In ka samu A, B, B, C: 15 da 12 da 12 da 9, jimla 48, a raba da 12, ka tashi da 4.00. In C ɗin nan ta zama faɗuwa aka rubuta maka sifili: 39 a raba da 12, saura 3.25. Inda mutane ba su lura ba shi ne, a jami'o'in da ke barin faɗuwar a cikin lissafi, sake kwas ba ya goge ta. Ka sake ka samu B, makinka ya zama 51 amma yunit ɗin ya zama 15, ka tsaya a 3.40, alhali da tun farko ka samu B ɗin, 4.25 za ka tashi da shi. Dubi abin da maki ƙalilan suka ci.

Wannan yana da nauyi saboda burinka. Jami'o'i da dama suna neman CGPA, wato matsakaicin makin duk karatun, na 3.50 cikin 5.00 kafin su ba da gurbin digiri na uku, wasu ma suna neman sama da haka. Wanda ya jera C daga farko har ƙarshe ya ci LL.M ɗinsa da 3.00 cif, za a ba shi takarda, amma ƙofar gaba a rufe take. In mutum ba shi da A, kafin ya taɓa 3.50 sai rabin yunit ɗinsa aƙalla sun zama B. Kundin bincike kuma yakan ɗauki yunit da suka ninka na kwas guda, yawanci 6, saboda haka in jami'arka tana sa makinsa a lissafi, nan ne za ka farfaɗo.

Me ke jawo 47? Sau da yawa ba jarrabawar ba ce. Aikin cikin zango, wato gwaji da takardar da ake gabatarwa a aji, yana ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100. Lauya mai zaman kotu ranar Talata ya tsallake gabatarwa ɗaya, ya shiga ɗakin jarrabawa da maki 12 cikin 40, to sai ya kwaso 38 cikin 60 kafin ya kai gaci. Ga kuma dokar halartar kashi 75 cikin 100 na darussa, wadda malami ke da ikon hana ka zama jarrabawa da ita. In kana ganin an yi kuskure wajen tara makinka, akwai hanyar neman a sake duba takarda: wasiƙa ta hannun shugaban sashe, kuɗin da aka ƙayyade, cikin 'yan makonnin da doka ta ba ka bayan fitar sakamako. Wa'adin ya wuce, magana ta ƙare. Kuma kada ka manta ka sake yin rajistar kwas ɗin a fom. Wanda ya zauna jarrabawar kwas ɗin da bai yi wa rajista ba, sakamakon ba ya shiga.

Na gama darussa shekara biyu da suka wuce. Na haihu, aka kuma canza wa maigidana wurin aiki, sai na bar rubutun kundina. Ban sake biyan kuɗin makaranta ba tunda ba na shiga aji. Yanzu na koma an ce sunana ba ya cikin ɗalibai. Daga wata 'yar'uwa a Bauchi.

'Yar'uwa, Allah ya raya abin da aka samu. Wannan matsala ta fi kowace cin ɗaliban LL.M, kuma tana ba mu takaici domin takarda guda ce take hana ta.

A idon jami'a, ɗalibi shi ne wanda ya yi rajista a wannan shekarar karatu. Gama darussa ba ya ɗauke wannan nauyi. Kowace shekara sai an sabunta rajista an biya kuɗi, har ranar da Sanet, wato majalisar malaman jami'a, ta amince da sakamako. Yawancin dokoki sun ce wanda ya bar rajista na wani adadin zango a jere ba tare da izini ba, ana ɗaukar ya janye da kansa. Ba a kiran mutum a waya, ba a aika masa wasiƙa.

Sannan akwai agogo. Kowane shiri yana da mafi ƙarancin lokaci da mafi yawa. Ga mai cikakken lokaci, ƙarancin yakan kama daga zango uku zuwa huɗu, ana kuma ba da 'yan zanguna a kai kafin wa'adi ya cika; mai karatun wucin gadi yana da fiye da haka. Abin da ke tsayar da agogon shi ne izinin jingine karatu. Ana rubuta wasiƙa zuwa shugaban makarantar gaba da digiri, ta bi ta hannun mai duba aiki, wato malamin da ke kula da kundinki, da shugaban sashe da shugaban tsangaya, a haɗa da shaida: takardar asibiti, ko ta canjin wurin aiki. Yawanci shekara guda ake bayarwa, kuma izinin bai tabbata ba sai amsa ta fito a rubuce. "Na gaya wa Malam ya ce ba komai" ba izini ba ne. Malamin yana iya tafiya hutun shekara ko ya yi ritaya, fayil ɗinki kuwa babu komai a ciki. Yajin aiki daban ne: wanda ASUU ta yi daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022 ya tsayar da kalandar jami'o'in da abin ya shafa gaba ɗaya, kuma da zango ake ƙirga wa'adi.

Yanzu abin yi. Ki je wurin kodinetan karatun gaba da digiri na sashenku ki tambayi abu biyu: shin an riga an kai sunanki Sanet a cikin waɗanda aka cire, kuma zango nawa ya rage a wa'adinki. In ba a kai ba, ki rubuta roƙon a mayar da ke, ki haɗa takardar haihuwa da ta canjin aikin maigida, ki nuna kin shirya biyan bashin shekarun da suka wuce. Ki nemi mai duba aikinki ya rubuta a ƙasan wasiƙar cewa zai ci gaba da ke, da kiyasin watannin da za ki gama. Wannan layi nasa yana da nauyi a zaman kwamiti. Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a naki. In kuwa an riga an cire ki, sai sabon fom, sannan ki tambaya ko dokarsu ta yarda a ɗauko miki makin darussan da kika ci.

Mai duba aikina ya riƙe babi na biyu wata biyar. Ina tsoron in yi magana ya ƙullace ni. Ga shi dokar da nake rubutu a kanta an sauya ta. Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Ɗan'uwa, tsoronka a kan hanya yake, amma shiru ma yana cin wa'adinka. Fara da ladabi: kai masa sabon kwafi a buge, da gajeriyar takarda mai kwanan wata a sama. Jami'o'i da dama suna naɗa masu duba aiki biyu, babba da mataimaki, to ka yi aiki da na biyun a wannan tsakani. Akwai kuma fom ɗin rahoton ci gaba da ake cikewa. Rubuta gaskiyar ranar da ka miƙa kowane babi, ba tare da zargin kowa ba. In abin ya ƙi, kodineta ne mataki na gaba, sannan shugaban sashe. Neman canjin mai duba aiki halal ne a doka, kwamitin sashe ke yanke shi, amma ka bar shi ya zama na ƙarshe, domin sabon malami yana iya cewa a koma babi na ɗaya.

Maganar dokar da aka sauya ta fi gaggawa. Mai jarrabawa zai auna kundinka da dokar da ke aiki ranar da kake kare shi. Wanda ya rubuta kan kamfanoni da dokar 1990 bayan sabuwar dokar kamfanoni, CAMA ta 2020, ta fito, ko kan sulhun kasuwanci da dokar 1988 bayan ta 2023 ta maye gurbinta, ko kan haƙƙin mallaka ba tare da dokar 2022 ba, ya gina a kan abin da aka rushe. Sau da yawa ma sauyin alheri ne gare ka: giɓin da ka gano a tsohuwar doka, sabuwar ta cike shi ko ta bar shi? Ga babi na huɗu ya samu. Sai dai in taken kundin ya ambaci tsohuwar dokar da suna, dole ka nemi canjin take a rubuce, domin taken da aka yi wa rajista shi ne zai je Sanet, kuma bambancin kalma ɗaya tsakaninsa da abin da ke bangon kundi yana dawo da aiki.

An saka kundina a Turnitin, manhajar gano kwafen rubutu, ya nuna kashi 41, alhali wallahi ban saci aikin kowa ba. Sassan doka da hukuncin kotu ne suka yi yawa. Daga wata lauya a Abuja.

Barista, mun yarda hakan na faruwa, kuma ya fi damun 'yan shari'a fiye da kowa, tunda sana'ar ta kawo nassi ce. Manhajar kamanni take aunawa, ba ta san niyya ba. Kowace jami'a da iyakarta, da yawa suna sa ta wajen kashi 20 zuwa 25.

Ki buɗe cikakken rahoton, kada ki tsaya ga lambar. Tambayi jami'in da ya saka kundin a manhajar ko dokarsu ta yarda a cire jerin manazarta da abin da ke cikin alamar zance. Wannan kaɗai yakan sauke lambar sosai, musamman da yake kundin shari'a yana da jerin ƙararraki da jerin dokoki a gaba. Sannan ki rage kwafo dogayen sassa. Kawo kalmomin da gardama ke kansu, layi biyu ko uku, sauran ki faɗe shi da bakinki ki sa madogara a ƙasan shafi. Hukuncin alƙali ma haka: ba a bukatar shafi guda na jawabinsa, dalilin hukuncin ake so. Tsangayoyi da yawa suna bin tsarin kawo madogara na ƙungiyar malaman shari'a ta Najeriya, NALT, wasu kuma OSCOLA na Jami'ar Oxford. Ki tambayi wanne ne naku ki tsaya a kansa tun daga shafin farko.

Gargaɗi ɗaya da muke yi da babbar murya. In kin sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta taya ki, to duk ƙarar da ta ba ki sai kin ɗauko kundin rahoton da hannunki kin gan ta. Waɗannan manhajoji suna ƙago sunan ƙara da shekara da lambar shafi da ba su taɓa wanzuwa ba. Mai jarrabawa da ya shekara ashirin yana karanta NWLR, kundin rahoton hukunce-hukuncen kotunan Najeriya, zai gane, kuma daga nan ba maganar gyara ake ba, maganar kwamitin ladabtarwa ce.

Na kare kundina a gaban mai jarrabawa na waje, aka ce na ci da gyare-gyare. Wata takwas ke nan ba sakamako. Zan iya kai jami'ar kotu ta ba ni digirina? Daga wani ma'aikacin shari'a a Katsina.

Malam, kafin kotu, bi sawun takardarka. "Ka ci da gyara" ba ƙarshen tafiya ba ne. Kwamitin yakan yanke ɗaya cikin huɗu: ci ba gyara, ci da ƙananan gyare-gyare, manyan gyare-gyare da kan iya kai ga sake zama, ko faɗuwa. Gyaran yana da wa'adi, makonni ga ƙanana, watanni ga manya, kuma wanda ya wuce wa'adin ana iya sa shi sabuwar rajista ko sabon zama. Bayan ka gyara, mai jarrabawa na cikin gida zai sa hannu cewa an yi. Ka ɗaure kwafin da aka ƙayyade da launin bangon da aka ce. Daga nan sakamakon zai bi ta kwamitin sashe, da na tsangaya, da hukumar makarantar gaba da digiri, sannan Sanet. Kowanne da ranar zamansa. A mafi yawan lokuta fayil yana kwance ne a ɗaya daga cikin waɗannan tebura saboda sa hannu ɗaya da ya ɓace, ko bashin rajistar shekara guda, ko kwas ɗin da ba a shigar da makinsa ba. Wata dabara mai sauƙin aiki: ka yi jadawali mai layi uku, abin da mai jarrabawa ya ce, abin da ka yi, da lambar shafi. Mai sa hannu yana gani zai gama da kai a zama ɗaya.

Game da kotu, hukunce-hukunce uku na Kotun Ƙoli sun shata iyaka. A ƙarar Magit da Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi, 2005, ɗalibin digiri na biyu ne Sanet ta ƙi amincewa da kundinsa, kotu kuma ta ce ba da digiri hurumin Sanet ne, alƙali ba zai zauna a kujerarta ya auna ilimi ba. A ƙarar Jami'ar Ilorin da Adesina, 2014, kotu ta bambanta ba da digiri da sakin sakamako: in ɗalibi ya cika sharuɗɗa aka riƙe sakamakonsa ba dalili, kotu tana da ikon shiga. A ƙarar Garba da Jami'ar Maiduguri, 1986, an soke korar ɗalibai bayan tarzomar 1983 saboda ba a yi musu adalcin sauraro ba, har wanda ya jagoranci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Wannan haƙƙi yana nan a sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999.

To kotu ba za ta ce kundinka ya cancanci B ba, amma za ta iya tambayar dalilin da ya sa aka danne sakamakonka. Za ta kuma fara duba ko ka bi matakan cikin gida. Rubuta wa shugaban makarantar gaba da digiri, in shiru ka rubuta wa magatakarda, sannan shugaban jami'a, kowace wasiƙa da hatimin karɓa. In har ta kai ga shigar da ƙara, jami'ar tarayya a Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, kuma lauyoyinta sukan fara da dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku. Ka sa lauyanka ya ƙirga kwanakin daga ranar da aka ba ka amsar ƙin, ya kuma duba ko dokar da ta kafa jami'ar ta wajabta ba da sanarwa kafin shigar da ƙara.